Kuɗin Kafin Alƙalami na Mallakar Gida: Bayani ga Mazauna Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, ba a kiran mutum magidanci sai ya sami inda ya ajiye iyalinsa. A da can wannan bai zama abin damuwa ba a ƙauyukanmu, domin idan saurayi ya isa aure mahaifinsa kan yanka masa sashe a cikin gida, 'yan'uwa da maƙwabta su taru a yi gayya a buga tubali, kafin damina ta faɗi ɗaki ya tashi. A yau al'amarin ya sauya a yawancin garuruwan arewacin Jihar Kano. Gidajen gado sun cika, fili ya yi tsada, kuma duk wanda ya nufi sayen gida ko neman lamuni, abu na farko da ake tambayarsa shi ne kuɗin kafin alƙalami.

Mun shirya wannan bayani ne domin manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata mazauna karkara, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu neman ƙarin haske. Za mu bayyana ma'anar kafin alƙalami, da hanyoyin da hukuma ta tanada domin rage nauyinsa, da abin da ke hannun ƙaramar hukuma, sa'annan mu ja hankali a kan gona, wadda ita ce aka fi saurin sayarwa idan ana neman wannan kuɗi.

Ma'anar Kafin Alƙalami

Kafin alƙalami shi ne kason da mai saye ke biya daga aljihunsa tun farko, kafin a rubuta takardar ciniki ko banki ya ba da ragowar kuɗin. Idan gida ya kai naira miliyan 8, aka ce kafin alƙalami kashi 10 cikin 100 ne, to mai saye zai kawo naira 800,000, bankin kuma ya biya miliyan 7 da dubu 200, wanda mai sayen zai riƙa biya wata-wata.

Masu ba da lamuni suna neman wannan kaso ne saboda dalilai biyu. Na farko, wanda ya zuba guminsa a cikin gida ba ya saurin gudu ya bar bashi. Na biyu, idan biya ya gagara aka sayar da gidan, kason da aka biya tun farko shi ke kare bankin daga asara. Sai dai abin da ya zama kariya ga banki shi ne ya zama shinge ga mai sayen gidan farko. Wanda ya riga ya mallaki gida yana iya sayar da shi ya biya kafin alƙalamin wani, amma matashin da ke zaman haya ko yake raɓe a gidan mahaifinsa ba shi da abin da zai ɗaga sai abin da ya tara.

Dalilin Tsadar Fili a Yankinmu

Ƙasar noma da ke kewaye da birnin Kano tana daga cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda manoman wannan yanki ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutar da ita ba, suna raya ta da takin dabbobi da sharar da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna Jihar Kano, mai ƙananan hukumomi 44, tana da mutane fiye da miliyan 9, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsaga gonakin da dama can ba su da faɗi.

Bugu da ƙari, birni yana ta cin ƙauye. Ɗorayi, inda masaniya Polly Hill ta yi bincike a kan rayuwar manoma a farkon shekarun 1970, yanzu unguwa ce a cikin birni. Haka lamarin yake ta arewa: Bachirawa da Rijiyar Zaki a ƙaramar hukumar Ungogo sun haɗe da birni, kasuwar hatsi ta Dawanau a Dawakin Tofa ta jawo rumbunan ajiya da gidaje a kan hanyar Katsina, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a shekarar 2021, an tsara ya bi ta Dambatta. Duk inda hanya ko kasuwa ta ratsa, sai dillalai su biyo baya, gona ta koma fuloti. Ta haka ɗan gari a Minjibir ko Gezawa ko Bichi ya wayi gari yana takarar sayen fili da attajirin birni a mahaifarsa.

Yadda Ake Yi a Wasu Ƙasashe

A wasu ƙasashe hukuma kan taimaka da kuɗin kafin alƙalamin kai tsaye. A Amurka, hukumomin birane da gundumomi suna ba masu sayen gidan farko kyauta ko rance mai sauƙi, galibi daga kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba su, kuma wata doka ta shekarar 2003 ta ware tallafin da ya kai dala 10,000 ko kashi 6 cikin 100 na kuɗin gida ga masu ƙaramin ƙarfi. A Ingila an fito da shirin Help to Buy a shekarar 2013, inda mai saye ke kawo kashi 5, gwamnati ta ranta masa kashi 20, har zuwa kashi 40 a birnin Landan saboda tsadarsa. An rufe shirin a shekarar 2023, kuma daga cikin sukar da aka yi masa akwai cewa ya taimaka wajen ɗaga farashin sababbin gidaje.

A Nijeriya tsarin ya bambanta. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba da ƙiyasta harajin gidaje, amma bai ɗora musu biya wa kowa kafin alƙalami ba. Saboda haka sauƙin da ake samu ya fi fitowa daga hukumomin tarayya, ita kuwa ƙaramar hukuma taimakonta yana wajen takardun ƙasa da shirya jama'a, kamar yadda za mu gani a gaba.

Asusun Gidaje na Ƙasa

An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa da doka ta 3 ta shekarar 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka fi sani da FMBN, shi ke kula da shi. Mai shiga asusun yana zuba kashi biyu da rabi cikin 100 na abin da yake samu a wata. Gyaran dokar da aka yi a shekarar 2023 ya bar wa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu zaɓin shiga ko ƙin shiga. Masu sana'ar kansu, har da manoma da 'yan kasuwa, su ma suna da damar yin rajista. Muna shawartar ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana cire masa wannan kaso, kuma ya tabbatar yana da lambar asusun.

Muhimman ƙa'idojin lamunin su ne:

1. Mai nema ya kai shekara 18, kuma ya yi aƙalla wata 6 yana zubi.
2. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adin biya kuma yana iya kaiwa shekara 30, gwargwadon shekarun mai nema da abin da ya rage masa na aiki.
3. Abin da za a riƙa cira a wata kada ya wuce sulusin abin da mutum ke samu.
4. Ana nema ne ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi, kuma gidan shi ne jingina.
5. Sau ɗaya mutum ke cin wannan lamuni a rayuwarsa.
6. Wanda bai ci lamuni ba ana mayar masa da abin da ya tara idan ya kai shekara 60 ko ya yi ritaya.

Game da kafin alƙalami kuwa, a da ana neman kashi 10 zuwa 30 cikin 100 gwargwadon girman lamuni. A shekarar 2018, lokacin da Ahmed Musa Dangiwa ke shugabantar bankin, aka soke kafin alƙalami ga lamunin da bai wuce naira miliyan 5 ba, aka kuma mayar da shi kashi 10 ga wanda ya haura haka zuwa miliyan 15. Daga baya bankin ya sanar da ɗaga iyakar lamunin zuwa naira miliyan 50. Tun da ƙa'idoji kan sauya, wajibi ne mai nema ya karɓi waɗanda ke aiki a rubuce ranar da ya je.

Ga misali domin a gane lissafin. A shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000. Kashi biyu da rabi na wannan shi ne naira 1,775 a wata, sulusinsa kuma kimanin naira 23,600. Da wannan sulusi, a kan ruwa kashi 6 na shekara 30, lamunin da mutum zai iya ɗauka bai cika naira miliyan 4 ba. Shi kuwa gidan miliyan 8 da muka ambata a baya, biyansa na wata ya ɗan haura naira 43,000, wato sai mai samun kimanin naira 130,000. Kuma wanda ke ajiye naira 10,000 a wata sai ya shekara 6 da wata 8 kafin ya haɗa kafin alƙalaminsa na naira 800,000, idan farashi bai motsa ba. Wannan lissafi yana nuna cewa ga mafi yawan mutanenmu, ƙaramin lamuni na yin gini a filin da mutum ya riga ya mallaka ya fi kusa da hannu fiye da sayen ginannen gida.

Sauran Hanyoyin Samun Sauƙi

Hanya ta farko ita ce haya mai kaiwa ga mallaka. Bankin na FMBN ya fito da ita a shekarar 2018: mutum ya shiga gida yana biyan haya, idan ya kammala biya gidan ya zama nasa, ba tare da kafin alƙalami ba. Iyakarta ita ce ta shafi gidajen da bankin ya sa kuɗi aka gina, waɗanda galibi a manyan garuruwa suke. Akwai kuma ƙaramin rance na gyaran gida, wanda ke amfanar mai kango ko mai son ƙara ɗaki.

Hanya ta biyu ita ce asusun fansho. Bisa Dokar Gyaran Fansho ta 2014, Hukumar Fansho ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idoji a watan Satumba na 2022 waɗanda suka ba mai asusun ajiyar fansho damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ba domin biyan kafin alƙalami. Sharaɗi ne a yi wata 60 ana zuba masa, ya kasance saura aƙalla shekara 3 ya yi ritaya, kuma kuɗin bankin lamuni ake tura wa, ba a danƙa wa mutum a hannu. Miji da mata suna iya haɗa nasu. A lura cewa wannan dama ta masu asusun kansu ce, kamar ma'aikatan tarayya da na kamfanoni. Ma'aikatan Jihar Kano da na ƙananan hukumominta suna ƙarƙashin asusun haɗaka na Amintattun Fansho na Jiha, wanda aka kafa da dokar 2006, kuma tsarinsa daban ne. Sa'annan duk abin da aka ɗiba yau, za a ga giɓinsa ranar ritaya.

Hanya ta uku ta shafi masu guje wa riba, waɗanda su ne mafi rinjaye a yankinmu. Bankin Jaiz ya fara aiki a shekarar 2012, TAJBank kuma a 2019, kuma irin waɗannan bankuna suna amfani da tsarin ijara ko na haɗin gwiwa, inda banki ke sayen gida ya ba da hayarsa, mallaka tana komawa ga mai haya sannu a hankali. Shi ma FMBN ya fito da nau'in haya mai kaiwa ga mallaka wanda babu ruwa a cikinsa. Sai dai rashin riba ba ya nufin rashin kafin alƙalami, domin bankunan kasuwanci sukan nemi mai saye ya kawo nasa kason.

Hanya ta huɗu ita ce gidajen da gwamnati ke ginawa. Jihar Kano tana da tsofaffin rukunoni irin su Kundila da Gwammaja, an yi gidajen Shagari tsakanin 1979 da 1983, sa'annan tsakanin 2011 da 2015 aka gina rukunonin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Kusan dukkan manyan rukunonin nan a birni da kewayensa suke, don haka amfaninsu ga mazaunin Kunchi ko Tsanyawa ko Makoda kaɗan ne.

Abin da ke Hannun Ƙaramar Hukuma

Babban abin da ke hana ɗan karkara cin gajiyar waɗannan tsare-tsare shi ne rashin takarda. Mutum yana iya mallakar fili tun kaka da kakanni, kowa a gari ya san nasa ne, amma banki ba ya karɓar shaidar baki. A nan ne ƙaramar hukuma ke da rawar takawa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a ƙasar da ba ta cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, domin noma ko zama ko wata bukata. Sashe na 21 ya hana sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi sai da amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 22 kuma ya sharɗanta amincewar gwamna ga filin da ke da takardar shaidar mallaka ta jiha. Yawancin masu ba da lamuni takardar jiha suke nema, wadda ake bi ta hukumar ƙasa ta jiha da cibiyar KANGIS, amma takardar ƙaramar hukuma da sahihiyar takardar ciniki su ne tsanin hawa zuwa gare ta.

Saboda haka muna tunatar da jami'ai cewa suna iya sauƙaƙa wa jama'a ta waɗannan hanyoyi:

1. Raya kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa wanda doka ta tanada wa kowace ƙaramar hukuma, tare da adana littafin rajistar filaye.
2. Liƙa jerin kuɗaɗen da ake biya a bainar jama'a cikin harshen Hausa, da ba da rasidi a kan kowane kwabo.
3. Haɗa kai da hakimai da dagatai da masu unguwanni wajen tabbatar da iyakoki kafin a sa hannu a kowace takarda.
4. Hanzarta ba ma'aikata takardar shaidar aiki da ta albashi, da tabbatar da cewa abin da aka cire musu ya isa inda aka nufa.
5. Taimaka wa ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa da mata su yi rajista a matsayin ƙungiyoyin gama kai, domin FMBN yana da tsarin ba irin waɗannan ƙungiyoyi lamunin gina gidaje, kuma adashin da ke da rajista da asusun banki ya fi wanda ke hannun mutum ɗaya aminci.
6. Neman a tsara filayen zama a gefen gari tare da hukumomin tsara birane, da barin hanya da magudanar ruwa, maimakon a bar awon igiya yana cin gonaki ba tsari.

Gargaɗi Game da Sayar da Gona

A yankin da fili ya yi daraja, hanya mafi sauri ta samun kafin alƙalami ita ce a sayar da gona, kuma ita ce mafi haɗari. Gona tana ba da gero da dawa da wake da gyaɗa da harawar dabbobi kowace shekara, gida kuwa inuwa yake bayarwa. Wanda ya sayar da gona ya biya kashi 10, saura kashi 90 na jiransa, alhali ya rabu da abin da zai riƙa biya da shi. Kuma a ƙasa mai cunkoso irin tamu, gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo, domin kafin mutum ya farfaɗo farashinta ya wuce inda ya bar shi.

Idan bukata ta matsa, akwai matakan da suka fi sauƙi: sayar da dabbobin da aka yi kiwo domin haka, ajiye amfanin gona zuwa lokacin da ya yi daraja, noman rani ga waɗanda ke kusa da madatsun ruwa irin su Watari da Tomas, ko yin gini daki-daki kamar yadda iyayenmu suka saba, bana harsashi, baɗi bulo, wata shekara kwano. Idan kuma babu makawa sai an taɓa gona, to yankar wani ɓangare ya fi sayar da ita ɗungurungum.

Haka nan kada a sayar ko a jinginar da gonar gado kafin a raba ta. Mata da marayu suna da rabonsu, abokin tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a a shari'a, kuma cinikin da aka yi a bayan idonsu yakan ƙare a gaban alƙali. A je kotu a raba, kowa ya karɓi takardarsa.

Matakan da Mai Neman Gida Zai Bi

Da farko ya lissafa sulusin abin da yake samu, ya san iyakar ƙarfinsa. Ya tattara takardun filinsa, ya gyara waɗanda suka yi rauni. Ya yi rajista da asusun gidaje ko ya shiga ƙungiyar gama kai mai rajista. Ya tuna cewa bayan kafin alƙalami akwai la'adar dillali da kuɗin awo da na lauya da na rajista da na amincewa da taswirar gini. Kafin ya biya ko sisi, ya je ya ga filin da idonsa, ya tambayi mai unguwa da maƙwabta, ya bincika a ofishin ƙasa ko an taɓa sayar da shi ko gwamnati ta karɓe shi. Duk wanda ya zo da fom yana cewa a ba shi kuɗi a hannu zai samo gidan gwamnati, a guje shi, a kuma sanar da hukuma.

Kammalawa

Mallakar gida a yankinmu ta yi wuya, amma ƙofofinta ba a rufe suke ba. An rage kafin alƙalami a wasu tsare-tsaren, an soke shi a wasu, kuma akwai hanyoyin da babu riba a cikinsu. Abin da ya rage shi ne jama'a su mallaki sahihan takardu, su yi tanadi a ƙungiyance, su ɗauki abin da za su iya saukewa, jami'ai kuma su sauƙaƙa abin da doka ta sa a hannunsu. Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar sashen ƙasa ko jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin FMBN da ke Kano. Fatanmu shi ne kowane magidanci ya sami muhalli ba tare da ya rasa gonar da ke ciyar da shi ba. Allah ya sa mu dace.